Bakin Ruwanka Ake Nema, Yaya Kiyari

Zuwa ga wana, Yaya Kiyari, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen da kake zaune a cikinsu. Inna tana gaishe ka. Matata Fanna tana gaishe ka, ko da yake ba ka san ta ba, sai bayan tafiyarka aka ɗaura mana aure. Garinmu na bakin kogin Komadugu lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ban liƙe wannan takarda ba, don ban san sunan garin da zan rubuta a bayanta ba. Na sa an buga mini ita da yawa a nan Difa, zan raba wa direbobin da ke bin hanyar Gigimi zuwa Dirku, su kuma su miƙa ta gaba. Duk hannun da ta faɗa ya buɗe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ban hana kowa ba. Za su gane ka in sun gan ka. Kai ne dogon nan mai tabon bel ɗin injin ban ruwa a bayan hannun hagu, wanda in ransa ya ɓaci Hausarsa take guduwa ta bar shi da Barbarci zalla. In kuma sun ga mutum ya ture kwanon abinci don babu yaji, ba sai sun tambayi suna ba.

Maganar mota ce ta sa na rubuto, Yaya. Motar nan tamu.

Ka tuna shekarar da tattasanmu ya yi kyau har Baba ya rasa inda zai shanya shi? Ya bushe, muka ɗura a buhuna, muka jera a bakin hanya muna jiran kamyo, babbar motar kaya. Kullum a ce gobe. Masu motoci suna can garuruwan da ke kusa da kwalta, wa zai shigo rairayinmu ya kashe tayarsa? Da wani ya ga dama ya shigo, sai ya ce shi ba dako ya zo yi ba, saye ya zo yi, kuma ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Baba ya sallama yana kallon ƙasa. Kai kuwa ka hau kan buhun ƙarshe ka zauna, ka ƙi tashi, sai da masu lodi suka ɗaga ka tare da shi. A hanyar gida ka ce mini: "Mele, kai ka koyi tuƙi, ni zan kawo motar. Wallahi ba za a ƙara sayen guminmu da kuɗin goro ba."

Ni dai na riƙe nawa. Na shigo Difa na zama karen mota a wajen Alhaji Sanda, mutumin Damagaram nan mai sayen tattasai. Na wanke mota, na danne taya da gungume, na haƙa rairayi da hannu, na sha zagin da in an raba zai ishi gari guda. Da ƙyar na samu permi, takardar izinin tuƙi, Alhaji ya damƙa mini sitiyari. Yau babu ramin da ban sani ba tsakanin Boso da Maine, kuma Maiduguri ta zame mini kamar bayan gida.

Kai kuma ka tafi neman naka. Bayan an karya darajar kuɗin sefa ne, lokacin da komai na mota ya tashi sama, ka ce a nan ko mun tsufa ba za mu tara kuɗin taya ba. Ka bi masu kai raƙuma Libiya. Inna ta ɗaure maka garin yaji a tsumma, Baba ya raka ka har bakin gari.

Da farko muna jin ka. Ka aiko wa Inna bargo, ka aiko wa Baba rediyo, ka aiko da kaset muka taru a tsakar gida muna saurare. Kana ta dariya a ciki, wai wani Balarabe ya ɗauke ka aikin lambu, ka gudu daga ban ruwa ka faɗa ban ruwa. Daga baya wani ya zo da saƙon baki, ya ce ka ce kana nan tafe, kuma ba hannu biyu za ka zo ba. Na je na tsaya gaban wata mota a gareji ina shafa ta kamar an riga an biya. Shi ke nan, Yaya. Daga wannan saƙo ba mu ƙara jin ɗuriyarka ba.

Baba ya rasu yana tambayar ko motar Gigimi ta shigo. Inna kuwa ta kafa doka a gida, duk wanda ya kuskura ya ce "Allah ya jiƙan Kiyari" kada ya ƙara taka mata zaure. Yanzu ga salula ta shigo Difa, yaran da suka tafi jiya-jiya suna bugo wa iyayensu daga can, ana jin muryarsu tangaran. Duk wayar da ta yi ƙara a tasha sai gabana ya faɗi, alhali ni ko wayar ba ni da ita.

Da na ga shiru ya yi yawa, sai na ce bari in ɗauki naka alkawarin in haɗa da nawa. Nan na san abin da ake kira neman kuɗi.

Na fara da banki, tunda kowa ya ce can kuɗi suke kwana. Na sa rigar Sallah na shiga, sanyin ɗakin ya buge ni har na yi atishawa. Mutumin da ya saurare ni bai wulaƙanta ni ba, tsakani da Allah, har kujera ya ba ni. Ya ce in haɗa dosiye, wato takardun neman bashi. Na haɗa, da hoto da permi da duk abin da ya lissafa. Sai ya ce saura garanti, abin da za su riƙe in na kasa biya. Na ce muna da gona a bakin kogi tun kakannin kakanni. Ya ce ina takardarta? Haba! Na ce takardarta Bulama mai garinmu ne da dattawan gari da tsamiyar da ke kan iyaka. Ya yi murmushi ya ce banki ba ya karɓar tsamiya. Na fito na tsaya a rana har rigar ta jiƙe.

Sai aka ce akwai wani proje, shirin tallafi da ke ba talakawa bashi. Na yi ta sintiri har mai gadin ya san takuna. Ashe na ƙungiyoyi ne, na injin ban ruwa da kiwon raguna. Wata Hajiya a ofishin ta ce in tara mutane mu kafa ƙungiya a ba mu raguna. Na ce, Hajiya, rago nawa zan ɗora wa buhun tattasai su kai shi Maiduguri? Ba ta yi dariya ba, ni ma da na fito na ga babu abin dariya.

Na koma kan adashinmu na direbobi. Duk kwasar da ta zo kaina ban taɓa ko dala ba. Na daina zama wajen mai shayi, na daina sayen nama a hanya, har abokai suka ce in na mutu a duba cikin matashin kaina kafin a yi mini wanka. Fanna ta sayar da tumakinta da ƴan kunnen aurenta ba ta shawarce ni ba, na dawo daga tafiya na tarar da kuɗin a ƙarƙashin faifai. Ta ce: "Ranar da motar ta zo, ni zan fara shiga gaba, ka ji na gaya maka." Duk da haka abin da na tara bai kai rabi ba. Ina tarawa, kuɗin mota yana ƙara gaba.

To, bana ƴaƴan Alhaji Sanda suka sayo sabuwar mota, suka zo da direbansu. Tsohuwar kamyon da na yi shekaru ina tuƙawa za a sayar da ita. In ta tafi, aikina ya tafi. Yaya, na san motar nan. Na san tarin da take yi da safe, na san giyar da take ƙi in ta yi zafi, na san inda take zubar da ruwa. Tsohuwa ce, amma rairayin kwarinmu bai taɓa kayar da ita ba. Da ita zan shiga duk garuruwan da manyan motoci ke ƙyama, daga Asaga har bayan Geskeru, in kwashe tattasan mutane a kan kari, in dawo da siminti da kwano da taki. Na yi wannan lissafi a kaina har ya hana ni jin daɗin tuwo.

Alhaji ya kira ni rumfarsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai cuce ni ba. Ya ce: "Mele, kai ɗana ne, ba na so ta faɗa hannun baƙo. Kawo abin da ka tara. Sauran kuma ku ba ni gonarku jingina in noma tattasai, ranar da ka cika mini ka karɓi abinku." Sai ya ƙara da cewa: "Amma kafin ruwa ya iso. In ya iso ban zuba iri ba, shekarar ta wuce ni, kuma akwai mutumin Damasak da ya riga ya taya motar."

Ka san jingina ba sayarwa ba ce. Ka kuma san gonakin da suka tafi jingina a garinmu tun muna yara, har yau jikokin masu su suna ƙwadago a ciki. Gonar nan ita ke ciyar da Inna. Ni nake sayen man inji, ni nake sallamar masu ban ruwa, abin da ya fito nata ne. In ta tafi, abincin Inna ya koma kan tayoyin tsohuwar mota. Duk na san wannan, amma na ce wa Alhaji na yarda.

Sai da muka je gaban Bulama abin ya tsaya. Ya tuna mini abin da na sani na yi kamar na manta. Baba ya raba gonar da bakinsa a gaban mutane: kai ya ba ka bakin ruwa, ni ya ba ni tudu, ya ce ruwa zai biyo ta wajenka ya iso mini, kada mu raba inji. Alhaji ya je ya zagaya tudun nawa, ya dawo yana kaɗa kai. Wa zai karɓi gonar tattasai da ba ta taɓa kogi ba? Bakin ruwanka yake so. Bulama kuwa ya ce: "Ba zan shaida jinginar gonar mutumin da bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Raina ya ɓaci, Yaya. Na ɗaga wa tsohon nan murya, mutumin da ya raɗa mana suna. Na ce to ya nuna mini inda zan je in tambayo ka! Sai da na gama haki ya ce in je wajen alƙali.

Alƙali ya saurare ni da kyau. Ya ce dukiyar wanda ya ɓata ba a taɓa ta sai tsararsa sun ƙare a duniya, ko kuwa a samu shaidu da suka ji labarin mutuwarsa ya bazu a bakin mutane. In an samu, sai a yanke ya rasu, a raba gado, bakin ruwa ya zama nawa da na Inna. In jira tsararka su ƙare! Lokacin ni kaina ina ina?

Ban nemi shaidu ba, Allah ya gani. Su suka zo. Magana ba ta kwana a tasha, sai ga wasu mutum biyu ƴan wajen Boso, waɗanda suka yi zaman Libiya suka dawo tuntuni. Suka ce shekarar nan da ka aiko kana tafe, suna Dirku, kuma babu zancen da ake yi sai na wata mota da ta saki hanya a rairayi, ba a gan ta ba sai bayan komai ya ƙare. Suka ce cikin sunayen da ake ambata akwai wani Kiyari, mutumin Difa. Ba su nemi komai a wajena ba, kuma sun ce za su faɗa a gaban kowa.

Kiyari mutumin Difa! Yaya, in ka tsaya tsakiyar kasuwar Talata ka ƙwala kiran Kiyari, rabin kasuwa za ta waiwayo. A garinmu kaɗai ku nawa ne? Ba su ga fuska ba, ba su ga hannun hagu ba. Suna kawai suka ji. Amma alƙali ya ce irin wannan shaida ana karɓarta, in dangi sun zo sun nema da bakinsu.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa Fanna ba. Lokacin da mutanen nan suke magana, kafin bakina ya ce innalillahi, zuciyata ta riga ta ce: to, an samu. Wallahi haka ta ce. Tun ranar nake jin tsoron kaina. In na tuna da kai sai motar ta faɗo mini, in na ga motar sai in ga kamar kana tsaye a gefenta kana kallona.

Ga ruwa kuma yana tahowa. Ka san halin Komadugu, ba ya jiran hadarinmu, daga yamma yake gangarowa a kan lokacinsa. Direbobin da suka fito ta can sun ce ya wuce Gaidam. Kullum da safe sai in leƙa gindin kogin in ga ko rairayin ya fara duhu. Alhaji ya daina tambayata, ido kawai yake ɗaga mini in na wuce, mutumin Damasak kuwa har ya turo bakanike ya buɗe injin. Na tsaya daga nesa ina kallon baƙon hannu a cikin motata, motar da ba tawa ba.

Na ɓoye wa Inna duk wannan. Na ce ko zan rasa motar da aikin gaba ɗaya, ba zan kai mata wannan magana ba. Na manta cewa matar Bulama ƙawarta ce.

Shekaranjiya na je gida da hantsi, na same ta a inuwar zaure tana cire wa busasshen tattasai tsinke a faifai. Idonta ya yi rauni yanzu, da hannu take gani. Ta tsufa, Yaya, ba za ka so ganin wuyan hannunta ba. Na gaishe ta, ta amsa, ta sa na matso ta kama damtsena ta matsa. Ta ce: "Ina naman jikinka ya tafi?" Na ce zafi ne. Ta ce: "Ƙarya kake."

Ta ci gaba da aikinta, can ta ce: "Ranar Talata ka kai ni wajen alƙali." Na ce, Inna, me za ki yi a can? Ta ce: "Ni na haife shi, ni zan faɗa. Ba zan bari ka ɗauki wannan a bakinka ba, kai da kullum kana kan hanya. Ɗaya ya tafi neman motar nan bai dawo ba, ba zan zauna ina ji ɗayan yana ƙarewa a gabana ba." Ta ce in sayo gero mai kyau a yi gumbar sadaka ranar Juma'a, kuma in gaya wa liman.

Na ce, Inna, in ya dawo fa?

Ta ce: "In ya dawo ya zo ya yi faɗa da ni. Ai na fi son haka."

Sai ta juya mini baya, ta ce rana ta yi, in tafi kada Alhaji ya neme ni. Ina fita na ji faifan ya faɗi, ban waiwaya ba, don na san ba ta so in gani.

To ka ji, Yaya. Kuɗin mota sun samu. Abin da na yi shekaru ina bi ofis-ofis ya samu, kuma ban taɓa jin tsoro irin na yau ba. Ina tsoron injin ya buga a tafiyar farko in rasa mota in rasa gona. Ina tsoron in kasa fanso bakin ruwanka Inna tana raye. Abin da ya fi duka, ina tsoron wata rana in shigo gari da lodi in tarar da kai zaune a zaure, mutane sun riga sun ci sadakarka. Kuma wannan tsoron shi nake roƙon Allah ya nuna mini.

Na san takardar nan ba za ta riske ka kafin Talata ba, ban yaudari kaina ba. Na rubuta ne don in kana raye ka ji a hanya, daga bakina, kada ka ji a ƙofar gari mutane su gan ka su watse da gudu. In ka zo, kada ka ga laifin Inna, kada ka ga na Bulama ko na Alhaji. Ni ne. Ka kama ni a tsakiyar tasha ka zage ni da Barbarci son ranka, ka mare ni in ka so, ba zan ɗaga hannu ba. Motar taka ce, da gonarka aka saye ta. Ni direbanka ne kawai, kamar yadda muka shirya tun farko.

Na sayi geron jiya. Mai awo ya tambaye ni ko suna za a yi, na ce a'a, na biya na tafi.

Wana, ɗan'uwana, na yi kewarka har na gaji. Allah ya tsare ka a inda kake. In kana hannun mutane, Allah ya tausasa zukatansu a kanka. In ciwo ne ya riƙe ka, Allah ya ba ka lafiya. In kunyar dawowa hannu biyu ce, Allah ya cire maka ita, ka taho ko da rigar jikinka kaɗai, babu mai tambayarka komai. Allah ya ba Inna haƙurin abin da za ta faɗa da bakinta, ya sa motar nan ta zama alheri, ya yafe mini. Ranar Juma'a liman zai yi maka addu'ar mamata, jama'a su shafa, ni ma zan ɗaga hannu tare da su. Amma ka sani, a cikin raina ta matafiya zan yi maka.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka da ke jiranka,
Mele